Kifin Roba a Madatsar Ruwa: Yaya Ake Kama Bas da Shi?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin bidiyon masu fatsa a Amurka suna jefa wani ƙaton kifin roba cikin dam, su jawo shi a hankali, sai ga kifin da suke kira bas ya kama. Me ya sa kifi ke ruɗuwa da roba? Kuma zai yi aiki a dam ɗinmu na nan?

Amsa: Bas mafarauci ne, 'yan'uwansa kifaye yake ci. Ba da ido kaɗai yake farauta ba: akwai wata jijiya da ta bi gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da ita yake jin motsin ruwa. Wutsiyar kifin robar tana kaɗawa dama da hagu in ana jan sa, to wannan kaɗawar ce ke kiran bas tun kafin ya ga abin.

Salon ya bunƙasa ne a madatsun ruwan Kalifoniya, irin su Kastayik da Kasitas. A 1959 aka kai irin bas na Fulorida yankin San Diyego, ga hukuma kuma tana zuba turawut, wani kifin ruwan sanyi, a madatsun lokacin sanyi. Bas ya samu abinci mai maiƙo, ya yi ƙiba, ya daina kula ƙananan abubuwa. Dole masu fatsa suka koma ƙera roba mai kamar turawut, tsawon inci 8 ko fiye. Bas mafi girma da aka amince da shi a tarihi bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba, an kama shi a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, aka sake samun kamarsa a tafkin Biwa na Japan a 2009.

Inda mutane ke kuskure shi ne gaggawa. Babban bas ba ya ɓata ƙarfinsa a kan abin da ke gudu. Ka jefa nesa, ka bar robar ta nutse, kana ƙirge. Kamfanin Huddleston, mai ƙera irin wannan kifin roba, har lamba yake sa wa kayansa: mai lamba 5 yana nutsewa ƙafa 5 cikin daƙiƙa 10, mai 12 ƙafa 12. Daga nan ka riƙa naɗe zare sannu-sannu, iyakar yadda wutsiyar za ta ci gaba da motsi. Sau da yawa za ka hango inuwa tana bin robar har gefen kwalekwale, ta tsaya, ta juya ta koma. In ka ga haka, ka ɗan fizga ko ka dakata kaɗan. Sauyin nan ne ke sa shi kai cafka. In ya taɓa kuma, kada ka zabura. Ci gaba da naɗewa har sai sandar ta lanƙwasa da nauyinsa, sannan ka fizgi sandar, ƙugiya ta kama shi.

A dam, wurin jifa ya fi kayan aiki muhimmanci. Nemi tsohuwar hanyar kogin da ruwa ya rufe, da itatuwan da suka nutse, da tsinin tudu mai shiga ruwa, da duwatsun jikin bangon dam. Nan yake laɓewa. Lokaci mafi kyau shi ne dab da zuba ƙwai, sa'ad da ɗumin ruwa ke doso digiri 15 a ma'aunin Salshiyos. Sanda doguwa mai ƙarfi ake so, kamar ƙafa 8, da zare mai kauri. Ka kuma shirya wa yini guda babu cizo ko ɗaya, don wannan fatsar neman babba ce, ba ta cika kwando ba.

Batun nan gida kuwa, bas ba kifin ruwanmu ba ne. Takwaransa shi ne giwan ruwa, wanda ya ninka shi girma nesa ba kusa ba, kuma a tafkin Nasir na Masar an daɗe ana kama shi da kifin ƙarya. Kainji, da aka kammala a 1968 har ruwa ya ci tsohon garin Busa, na da duwatsu da zurfin da yake so. Amma kada ka sayi mai siffar turawut. Nemi mai kamar karfasa, abin da ya saba ci. Ka sa guntun zare mai kauri sosai kusa da ƙugiya, don marfin kunnensa na da kaifi, yana tsinka zare in ya yi tsalle yana girgiza kai.