Amsa: Hali gado ne ko tarbiyya?

Malam, ka tambaya ko gadon hali ake yi ko tarbiyya ce ke gina shi. Ni na fi karkata ga tarbiyya, amma ba na musun gado.

A 1979 Thomas Bouchard, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya fara bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka kan tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna ƙanana. Da yawansu ɗabi'unsu sun zo kusan ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai na ga tagwayen da kawuna ya haifa. Ɗaya goggonmu ta riƙe shi a Zariya, ɗayan ya tashi a tasha yana dako. Saurin fushinsu ɗaya ne, wallahi. Amma na Zariya in ransa ya ɓaci, tashi yake ya yi alwala. Ɗan'uwansa kuwa sai an riƙe shi.