Kai ƙananan yara yawon daji a Landan lokacin kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara muka dawo gabashin Landan da zama. Yarana biyu, ɗan shekara 5 da 'yar shekara 2. Malamarsa ta ce mu riƙa kai su daji yanzu da ganye ke zuba, ni kuwa da na ji an ce daji sai gabana ya faɗi. Ina ya dace mu je, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, ki kai su. Dajin Ingila ba kura ba kunama. Maciji mai dafi iri ɗaya tak ke akwai a duk Birtaniya, shi ma daga wajen Oktoba yake shigewa rami ya kwanta sai sanyi ya wuce.

Mafi kusa da ku shi ne dajin Epping, mai faɗin kusan hekta 2,400, wanda hukumar tsohon birnin Landan ke kula da shi tun dokar 1878. Kada girmansa ya ruɗe ki, ɗan gefe kawai kike bukata. Ki hau jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street zuwa Chingford, ki nufi tafkin Connaught Water. Hanyar da ta zagaye shi shimfiɗaɗɗiya ce, keken tura yaro na bi, ga agwagi da za su ɗauke hankalin ƙaramar. A kusa akwai tsohon benen farauta da aka gina wa Sarki Henry na Takwas a 1543. In kuma banɗaki da wurin lilo ne suka fi damunki, wanda ga mai 'yar shekara 2 ba ƙaramin abu ba ne, to Highgate Wood a arewacin birni ya fi. Ƙarami ne, da wuya mutum ya ɓata a ciki.

Ku fita da hantsi. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa ƙarshen Nuwamba kuwa wajen ƙarfe 4 rana ta faɗi, kuma ƙarƙashin itatuwa duhu na riga haka shigowa. Ku juyo kafin la'asar. Awa ɗaya ta ishi masu wannan shekaru. A sa musu takalmin ruwa da riga mai hana jiƙa, ki jefa safa ta canji da fulas ɗin shayi a jaka. Jiƙar ƙafa ce ke fara sa yaro kuka.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne bakin ƙaramar. Kaka lokacin laimar kwaɗi ne, kuma akwai wadda ɗan kaɗan daga cikinta ke lalata hanta, alhali alamar ba ta fitowa sai bayan awoyi. Akwai jajayen 'ya'yan itace masu ban sha'awa da ƙwallonsu guba ne. Ga kuma konka, waɗannan masu sheƙi ruwan ƙasa da yaran Turawa ke tarawa suna wasa: a tsinta, a cika aljihu, amma ba a ci. Ki kafa musu doka ɗaya tun daga gida, ba abin da ke shiga baki sai wanda ya fito daga jakar Mama. In kika ga ta haɗiyi wani abu, ki ɗauki hotonsa, ki kira 111, lambar neman shawarar ma'aikatan lafiya, nan take ko da ba ta nuna komai ba. In numfashi ya canza ko ta galabaita, 999 ne, lambar kiran gaggawa.

Oktoba da Nuwamba barewar can ke barbara, mazan kan yi faɗa, don haka a tsaya nesa da aƙalla mita 50. Inda barewa take akwai kaska, mai iya ɗauke da cutar Lyme. Da kun dawo gida ki duba bayan kunne, wuya, hammata da bayan gwiwa. In kin samu, ki kama ta da hantsaki dab da fata ki ja a hankali, kada ki shafa mata mai.

Karnuka kam za ku gamu da su, da yawa ba igiya. Ki koya wa babban ya tsaya cik, ya naɗe hannu, kada ya ruga. Ba laifi ba ne ki ce wa mai kare ya kira abinsa, yawancinsu za su yi ba gardama.