Farin abu a harshe ga mai ɗauke da HIV

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara 4 ke nan ina shan maganin HIV, amma tun da aka yi mini kishiya nake tsallake wasu ranaku don kada ta ga kwalbar. Yanzu wani farin abu kamar kindirmo ya rufe mini harshe da cikin kumatu, gefen bakina ya tsattsage, ko kunu ba na jin ɗanɗanonsa. Na goge da kanwa sai jini. Ina mafita? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da kandida, wata ƙwaya dangin fumfuna da ke zaune a bakin mutane da yawa ba tare da cutarwa ba, sai garkuwar jiki ta raunana ta samu damar yaɗuwa. Alamarta ita ce idan an kankare farin, wurin yakan yi ja. Akwai kuma wani farin da ke fitowa a gefen harshe wanda ba ya kankaruwa, wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr ce ke kawo shi, shi ya sa sai likita ya duba kafin ya rubuta magani.

Don Allah ki bar kanwar nan, ƙona miki baki kawai take yi. Maganin kandida sananne ne, nystatin ko fluconazole, kuma yawanci cikin mako 1 zuwa 2 ake samun sauƙi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranakun da kike tsallakewa, domin kandida ta fi bayyana idan ƙwayoyin garkuwa na CD4 suka yi ƙasa, musamman ƙasa da 200 a gwajin jini, kuma za ta riƙa dawowa muddin shan maganin HIV ɗin bai daidaita ba. Ki koma inda kike karɓar magani, ko Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ki faɗa musu gaskiya, a auna yawan ƙwayar cutar HIV a jininki. Idan haɗiya ta fara yi miki zafi har ƙirji, kada ki jira ranar da aka ba ki, domin alama ce kandidar ta gangara hanyar abinci.

Na fahimci tsoronki, amma ki sani shan maganin kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji shi ne ke kare maigida, ta nan kuma ya kare kishiyar taki. Ki tsayar da lokaci ɗaya, kamar bayan isha'i idan kin shiga ɗaki, sannan ki nemi mai ba da shawara a asibitin ya taimaka miki kan yadda su ma za su yi gwaji.