Hukuncin Riƙe Albashin 'Yan Majalisa Idan Suka Jinkirta Kasafin Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, gardama ce ta kaure mana a Tudun Wada bayan sallar isha'i. Shin ya halatta a riƙe albashi da alawus ɗin 'yan majalisa idan shekara ta kama ba su amince da kasafin kuɗi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, ɗan'uwa, amma da sharuɗɗa.

Ɗan majalisa wakili ne, ana biyansa daga baitulmali don aikin da ya yi rantsuwa a kansa, duba kasafi kuwa yana cikin manyan ayyukan. Allah ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Cutarwar jinkiri mun gan ta: kasafin tarayya na 2018 an kai shi majalisa a Nuwamban 2017, ba a sa masa hannu ba sai Yunin 2018, damina ta riga ta sauka, aikin hanya da taki sun makara. Sashe na 122 na tsarin mulki ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗi har wata 6, amma bisa ma'aunin bara kawai.

A rarrabe abu biyu. Cin tara da dukiya malamai sun yi saɓani a kansa: jumhuru, wato mafi yawan malamai, sun hana, Abu Yusuf da Ibn Taimiyya sun halatta. Riƙe lada saboda ba a yi aiki ba kuwa babin ijara ne, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ya fi sauƙi. Idan an shardanta tun farko, hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Don haka dole ya zama doka ce rubutacciya da ɗan takara ya sani kafin ya hau kujera, kamar yadda jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi a 2010. Gwamna ba shi da ikon yanke wannan da son ransa, domin sau da yawa shi ma yana cikin rigimar.

Sai a duba daga ina jinkirin ya fito. In ɓangaren zartarwa ne ya kawo takardun a ƙurarren lokaci, babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Wanda ya halarci zama ya yi aikin kwamiti ba a haɗa shi da wanda ya tafi yawonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron rasa albashi ya mai da wakilanmu na Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jihar Kaduna, 'yan amshin shata. Wanda ya tsaya don bankaɗo cushe a kasafi wajibi yake saukewa, hukunta shi zalunci ne. Wanda ya riƙe kasafi sai an ba shi kwangila, wannan ya shiga rashawa, riƙe albashi ma ya yi masa kaɗan, kotu ce wurinsa.

Wallahu a'alam.