Tambayi Likita: zafin Makka da murar lokacin sanyi

Wata uwa daga unguwar Jarwal a Makka ta tambaya: yaushe ya kamata a yi allurar rigakafin mura?

Kafin sanyi ya shigo, Hajiya. Da zarar sanyi ya haɗu da cunkoson masu Umara, ɗakin gaggawa cika yake da tsofaffi da yara masu tari. Ki je markaz, wato ƙaramin asibitin unguwa, kada ki jira sai ta kama gidan.

Wani matashi daga Shara Mansur: mura ta kama ni, in sha antibayotik?

A'a, ba ya taɓa ƙwayar mura. Amma in numfashi ya fara sarƙewa, ka tafi asibiti.

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa mahaifinsa ya dawo daga Harami da azahar, jikinsa rau, yana sambatu, bai gane 'ya'yansa ba. Aka ce iska ce, aka yi ta tofi har la'asar.

Malam, wannan wasiƙar ta hana ni sukuni. Abin da ka siffanta bugun zafin rana ne. Idan zafin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara rikicewa, sambatun daga nan yake. A Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Masallacin Harami, hukuma ta ƙirga mamata 1,301. Daga Yuni zuwa Agusta irin waɗannan ake kawo mana, kuma kusan kullum a makare.

Addu'a ba ta hana magani, a yi su tare. A kira is'af, wato motar asibiti, a 997, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana fifita. Ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Panadol ba ya sauke wannan zafin. Kuma don Allah a daina ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, ko da zamzam ne! Na ga dattijo da aka yi wa haka da cokali, ruwan ya bi huhu, muka yi mako guda muna fama.

Na san wasu tsoron maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ke tsayar da su a gida. Na fahimta, amma minti talatin kan raba mai tashi da wanda ƙodarsa za ta tsaya. Ku kira 997. Mahaifinka ma, ko ya warware, a kai shi a duba ƙodarsa cikin makon nan.