Ku Tambaya Mu Amsa: Otal ɗin Tawa da aka riƙa haɗa fim a ɗakunansa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan lakwal ne a nan Tawa, kawuna ya sha ba mu labari wai akwai wani otal a garin nan da mai shi ke haɗa silima a cikin ɗakunan baƙi, mu dai dariya muke don kawu akwai ƙarin gishiri. Da gaske ne ko tatsuniya ce?

AMSA: Wa'alaikassalam ɗana. To ka je ka ba kawu haƙuri, wannan karon bai sa gishiri ba. Mai otal ɗin shi ne marigayi Moustapha Alassane, an haife shi 1942, kuma duk inda ake zancen fim ɗin zane mai motsi a Afirka sai an kira sunansa a sahun farko.

Asalinsa makanike ne fa, ba wani ɗan boko mai tarin takardu ba. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim da ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Konni a 2004, shi ya buɗe masa hanya, daga nan ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane mai motsi. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokai suka hau dawaki suka addabi ƙauye, ka ji fa, kaboyi a ƙasar Nijar! Ya kuma yi shekara 15 yana riƙe da sashen silima a jami'ar Yamai.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman Tawa ɗin. Mutumin da aka san shi har Turai, maimakon ya tare a Faransa sai ya zauna nan yana riƙe da otal, wasu ɗakuna na baƙi wasu kuma ya maishe su wurin aiki, kyamara da fitilu da 'yan tsana, daga baya har kwamfuta. Aikin kuma na kashe ido ne, za ka matsa hannun 'yar tsana kaɗan ka ɗauki hoto, ka sake matsawa ka sake ɗauka, hoto 24 ke cika daƙiƙa ɗaya ta silima, to lissafa minti goma ka gani, ga zafin Tawa ga wuta da ke ɗaukewa. Ni a ganina dabara ce ya yi, fim ba ya ciyar da mai shi a ƙasar nan, gara ka sami abin da ke kawo na cefane kana aikinka ba ka jiran kowa.

Kuma shi da kwaɗi kamar ya haɗa dangi da su, su yake sa wa rigar manya yana yi wa masu mulki shaguɓe, wa zai kama kwaɗo ya kai kotu? A 2001 ya fitar da Kokoa, kwaɗi ne a fagen kokowa, abin ya dace da garinku tunda a Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975.

Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015, Allah ya jiƙansa. In ka sami data nemo Kokoa ɗin a waya ku kalla tare da kawu, amma ka fara saya masa goro.