Tambaya da Amsa: Ana iya auna karkataccen tunanin matashi?

Tambaya: Ni malama ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandare. Akwai yaron da duk faɗan da ya yi sai ya ce "su suka ja", da yarinyar da ta faɗi jarrabawa ɗaya ta ce ita ba za ta taɓa zama komai ba. Shin akwai ma'aunin irin wannan tunani? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Akwai, Malama, sai dai ma'auni ɗaya ba zai yi wa su biyun ba. Yaron yana karkatar da tunani ne don ya wanke kansa, ita kuwa kanta take tuhuma.

Na yaron shi ne How I Think Questionnaire, wato takardar tambayoyi kan "yadda nake tunani", wanda masana halayyar ɗan Adam Barriga da Gibbs da abokan aikinsu suka fitar a Amurka a 2001. Jimloli 54 ne, kowacce yaro zai nuna yardarsa da ita daga 1 zuwa 6. Guda 39 suna auna abu huɗu: son kai, ɗora wa wasu laifi, raina girman laifi, da mummunan zato. Guda 8 tarko ne na kama mai nuna shi waliyyi ne. Idan makinsu ya yi yawa, a ajiye takardar, ba abin dogaro ba ce. Ragowar 7 ba a lissafa su.

Ita kuma yarinyar, ma'aunin kurakuran tunanin yara mai suna CNCEQ (Children's Negative Cognitive Error Questionnaire), na masani Leitenberg da abokan aikinsa, na 1986, ya fi dacewa da ita. Gajerun labarai 24 ne, kowanne da tunanin da ya biyo baya, sai ta faɗi yadda ya yi kama da nata, daga 1 zuwa 5. Yana kama mai kambama ƙaramar matsala, da mai yanke hukunci daga faɗuwa ɗaya.

Wurin cikewa ne aka fi ɓata aikin. Kada uba ko shugaban makaranta ya zauna a ɗakin, domin kunya za ta sa yaro ya zaɓi amsar da manya ke so. In za a mayar da ma'aunin Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani daban ya mayar Turanci ba tare da ya ga na asali ba, sannan a gwama. Makin da ake kwatantawa da shi ma daga yaran Amurka aka samo, don haka kada ki yi wa ɗalibi laƙabin mai cuta da shi.

Idan yarinyar ta fara maganar mutuwa ko ta daina cin abinci, ki bar takarda, ki sanar da iyayenta a ranar, a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa.